Mayen Ƙarfe a Bakin Sukudireba: Tambayoyi da Amsoshi kan Sa wa Kayan Aiki Maganaɗisu da Cire Shi

Duk wanda ya taɓa kwance waya ko rediyo ya san takaicin ɗan ƙaramin noti da ya suɓuce ya faɗa can cikin inji. Wanda kuma ya taɓa gugar ƙarfe da magagari ya san takaicin garin ƙarfen da ke maƙale wa haƙora ya ƙi fita. Abin da ke maganin na farko shi ne ke jawo na biyu, wato maganaɗisu, wanda a gareji da kasuwa aka fi kira mayen ƙarfe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda yara masu koyon aiki da abokan sana'a suka fi yi mini a shago.

Oga, me ke shiga cikin ƙarfe har ya fara jan ɗan'uwansa?

Babu abin da ke shiga. Ka auna sukudireba kafin ka goga mata mayen ƙarfe, ka sake aunawa bayan ka goga, nauyinta na nan yadda yake. Shi ma mayen ƙarfen bai ragu da komai ba.

Jikin ƙarfe cike yake da ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowane yanki kuwa ɗan maganaɗisu ne mai kai da gindi. A sabuwar sukudireba kowanne ya fuskanci inda ya ga dama, sai jan wannan ya kashe jan wancan, a waje ba ka jin komai. Ka tuna filin Idi kafin isowar liman: jama'a dai ga su nan, wani ya juya kudu yana gaisawa, wani ya juya yamma yana neman ɗansa. Da an ce a daidaita sahu, sai kowa ya fuskanci gabas. Aikin mayen ƙarfe ke nan, daidaita sahu. Cire maganaɗisu kuma watsa sahun ne. Wani Bafaranshe, Pierre Weiss, shi ya kawo bayanin waɗannan yankuna a 1907.

Kowane ƙarfe ne ke kamawa?

A'a. Baƙin ƙarfe da nikel da kobalt su ne manyan masu kamawa. Jan ƙarfe, tagulla, alminiyam, dalma, azurfa da zinariya ba ruwansu. Shi ya sa 'yan gwangwan ba sa rabuwa da guntun mayen ƙarfe a aljihu: abin da ya manne farashinsa daban, wanda bai manne ba daban.

A cikin masu kamawar ma akwai bambanci. Ƙarfe mai laushi, irin na ƙusar kafinta, yana saurin kamawa, yana kuma saurin saki da zarar an janye mayen. Ƙarfen da aka yi wa wuta aka taurara, irin wanda za ka ga an buga wa Cr-V ko S2 a jikin kayan aiki, yana ɗan gardama kafin ya karɓa, amma in ya karɓa sai ya riƙe. Saboda haka sukudireba mai kyau ta fi ta bogi riƙe maganaɗisu.

Ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake kira silba a kasuwa, shi ke rikita mutane. Mai lamba 304, na tukwane da wasu notuna, kusan ba ya amsawa. Masu lamba 410 da 420 da 430, irin na wuƙaƙe da almakashi, suna amsawa sarai. Idan sukudirebarka ta ƙi ɗaukar wani noti, ka duba notin tukuna kafin ka zargi sukudirebar.

Wace hanya ce ta fi sauƙi?

Goge bakin sukudirebar da tsumma, ka raba shi da maiko da ƙura. Ɗauki mayen ƙarfe mai ƙarfi, ka zaɓi fuska ɗaya, ka ɗora ta kusa da mariƙi, ka ja zuwa baki. In ka kai baki sai ka ɗaga hannu sama sosai, ka zagayo ta iska, ka sake farawa daga mariƙi. Sau goma zuwa ashirin ya isa. Kana iya ɗan murza sukudirebar tsakanin ja da ja don kowane gefe ya samu.

Kuskuren da na fi gani guda biyu ne. Na farko guga gaba da baya kamar mai wasa wuƙa, wanda ke warware abin da aka ɗaura. Na biyu juya mayen ƙarfen a tsakiyar aiki ba tare da an lura ba. Ka sa wa fuskar da kake aiki da ita ɗigon fenti.

Akwai kuma hanyar malalata, wadda ni kaina na fi amfani da ita: ka manna ɗan ƙaramin mayen ƙarfe a jikin sandar sukudirebar, kusa da baki, ka bar shi a nan. Jan da za ka samu ya fi na guga nesa ba kusa ba, in ka gama kuma sai ka zare abinka.

Ina zan sami mayen ƙarfe mai kyau?

Tsohuwar sifika ita ce ta kowa da kowa. Baƙin zoben nan da ke bayanta na yumɓun ƙarfe ne, ƙarfinsa matsakaici, amma yana aiki. Wanda ya fi shi yana cikin matattun hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) na kwamfuta: 'yan lanƙwasassu ne masu ƙyalli, na niyodimiyam, irin da kamfanonin General Motors a Amurka da Sumitomo a Japan suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Sai dai na hadis suna da kai da gindi gefe da gefe a fuska ɗaya, don haka da ƙarshe ɗaya za ka riƙa guga, ba da tsakiya ba. In kana Kano, masu gyara a Farm Centre da 'yan kayan gwangwan na Ƙofar Ruwa ba sa rasa irin waɗannan. A Kaduna kuma Panteka.

Kada ka ce za ka fasa maikurowef don ciro zobban mayen ƙarfen da ke cikinsa in ba ka san aikin ba. Akwai kafasita a ciki da kan iya riƙe wutar da za ta kashe mutum ko da an zare filogi.

An ce ana yi da batir da waya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, tsohuwar dabara ce ma. A 1820 Hans Christian Ørsted, a Denmak, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. A 1825 wani Bature ɗan Ingila, William Sturgeon, ya nuna wa jama'a wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya naɗa wa wayar jan ƙarfe sau 18. Ƙarfen bai wuce giram 200 ba, amma da aka jona masa batir ya ɗaga kusan kilo 4.

Yadda ake yi: ka sami siririyar waya mai rufi, ka naɗe sandar sukudirebar da ita, naɗi kusa da naɗi, duk ta hannu ɗaya. Sai ka taɓa bakunan biyu a batir, ɗan taɓawa kawai. Sahun yana daidaita ne cikin ƙiftawar ido, daɗewa ba ya ƙara komai sai zafi. Abin da ke ƙara ƙarfi shi ne yawan naɗi da yawan wutar da ke bi. Gara naɗi ɗari da batirin tocila a kan naɗi goma da batirin mota.

Na faɗi haka ne don na ɗanɗana. Ina yaro a wurin koyo na naɗa guntuwar waya sau bakwai ko takwas, na dangwala a batirin mota. Robar ta narke a hannuna tun kafin in saki, tabon yana nan a babban yatsana har yau. Batirin mota yana iya turo ɗaruruwan amfiya ta guntuwar waya, ga tartsatsi a kusa da iskar da batir ke fitarwa, wadda ke kama wuta. Batirin wayar hannu kuwa kada ma ka fara, kumbura yake ya tashi da wuta. Soket na NEPA ba a maganarsa.

Ɗan akwatin roba mai rami biyu da ake sayarwa fa?

Ba batir a cikinsa, ba waya. Mayen ƙarfe ne guda biyu aka jera. Ramin da ke da alamar tarawa yana daidaita sahu, ka zura sukudireba ka zaro sau biyu ko uku. Ɗaya ramin, mai alamar ɗebewa, sau da yawa mai 'yan matakala, an yi shi don ya dagula sahun. A wajen sawa ba ni da ƙorafi a kansa. A wajen cirewa ragewa yake, bai cika wankewa tas ba, wani lokaci ma sai ka ga ya juya kan ne kawai ya mayar da shi gindi. Ga sukudireba ya wadatar. Ga hantsakin mai gyaran agogo bai isa ba.

Ni ban sa wa kayana komai ba, amma ga su suna kwasar garin ƙarfe. Daga ina?

Ka duba inda suke kwana. Tiren nan mai mayen ƙarfe da makanikai ke zuba notuna, sandar da ake manna kayan aiki a bango, gefen sifika, kusa da kebul na injin walda, duk suna bar musu rabonsu. Kaya kuma suna shafa wa juna: filaya ɗaya mai maganaɗisu a akwati tana iya ɗan shafar maƙwabtanta.

Sannan ita kanta duniya babban mayen ƙarfe ce, mai rauni dai, amma ba ta hutu. Idan ana dukan ƙarfe ko yana girgiza, yankunan cikinsa sukan motsa, su ɗan karkata zuwa inda duniya ke ja. Shi ya sa kurfi da bakin injin huda ke kamawa da kansu bayan an daɗe ana aiki da su. William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ya rubuta tun a 1600 cewa maƙeri na iya mayar da sandar ƙarfe maganaɗisu in ya miƙar da ita kudu da arewa yana duka tana hucewa.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A Landan jan duniya yana nutsewa ƙasa ne da kusan digiri 66, shi ya sa littattafan Turai ke cewa a karkata sandar ƙasa sosai. Mu kuwa layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu ta Najeriya ya ratsa, don haka a ƙasar Hausa jan kusan a kwance yake. In kana son gwadawa, shimfiɗa sandar kawai, kai arewa gindi kudu. Kada dai ka sa rai da yawa, abin da za ka samu da ƙyar zai ɗauki allura.

Waɗanne kaya ne bai kamata su kama ba?

Ra'ayina a taƙaice: maganaɗisu a bakin sukudireba da soket ɗin kwance noti yake da amfani. Duk abin da ke yanka, da duk abin da ke awo, a raba shi da shi.

Magagari mai maganaɗisu yana cushewa, ya riƙa karce aikin da ake son ya yi santsi. Bakin huda da abin yanka zare suna jan garin da ya kamata ya fita su mayar da shi rami, su dakushe da wuri. Ma'aunin kauri kuwa, ƙwayar garin ƙarfe ɗaya a tsakanin muƙamuƙansa ta isa ta ba ka lambar ƙarya, kai kuwa ka yarda da ita ka yanka. Makanike mai haɗa inji ko famfon dizal ya fi kowa asara: filayarsa ta kwaso gari daga benci, ta sauke shi a cikin boris ko nozul, bayan wata guda mai mota ya dawo da faɗa, ba wanda ya san mafarin abin.

Mafita mai arha ita ce kaya kashi biyu. Masu maganaɗisu a naɗa musu jan salatif a mariƙi, a ba su gwangwaninsu daban.

To, yaya ake cire shi yadda ya kamata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, ita ce kuma aka fi kuskurewa.

Ba a goge maganaɗisu kamar yadda ake goge allo. Ana rikita shi ne. Ka ja yankunan nan dama da ƙarfi, ka ja su hagu da ƙarfin da bai kai na farko ba, ka sake dama da wanda bai kai wannan ba, haka haka har jan ya ƙare. A ƙarshe kowane yanki ya tsaya inda jan ƙarshe da ya iya motsa shi ya bar shi, wasu nan wasu can, sahu ya watse.

Wutar gida ta dace da wannan aiki domin kai-komo take yi. A Najeriya da Nijar tana zagaye 50 a daƙiƙa, wato tana juya fuska sau 100. Na'urar cire maganaɗisu naɗin waya ce kawai da ake jona wa wannan wuta. Juyawar tana zuwa daga wutar, amma raguwar daga hannunka take zuwa. Ka danna maɓalli, ka kawo kayan a kan na'urar ko cikin raminta, sannan ka janye shi a hankali, a hankali, har iyakar tsawon hannunka. Sai ya yi nisa za ka saki maɓallin.

In ka kashe wutar kayan na kai, to jan ƙarshe yana iya samunsa da cikakken ƙarfi, ya fito da maganaɗisun da ya fi wanda ya shiga da shi. Haka in NEPA ta ɗauke wuta ana tsaka da yi, sai a sake daga farko. Ƙananan na'urorin da ake sayar wa masu agogo suna saurin zafi, daƙiƙoƙi kaɗan ake danna su a bar su su huce. Dogon abu kamar magagari, a bi da shi gaba ɗayansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in bai fita ba a maimaita.

In ba ka da na'urar, abin narka dalma mai siffar bindiga, wanda ke da taransifoma a ciki, yana yi: ka danna, ka zura sukudireba ta tsakanin lanƙwasar bakinsa ba tare da ta taɓa ba, ka zaro a hankali. Mai siffar biro ba ya yi. Masu rewayin kan haɗa tasu da naɗin tsohuwar motar fanka da aka cire wa abin da ke juyawa a tsakiya. Tana aiki, amma wuta ce mai bolt 230, kuma naɗin yana zafi nan da nan. Wannan na masu sana'ar ne.

In babu wuta sam, ɗauki mayen ƙarfenka, ka bi jikin kayan da fuska ɗaya, ka juya ka bi da ɗayar daga ɗan nesa, ka sake juyawa ka ƙara nisa. Yana ragewa sosai, ko da bai kai na'ura ba.

Tsofaffin masu gyaran talabijin sun san wannan sarai. Ƙarar “dum” da talabijin mai ƙeya ke yi in an kunna ta, naɗin waya ne da ke kewaye da gilashin yake wanke masa maganaɗisu. A Yaƙin Duniya na Biyu ma har jiragen ruwa sukutum Ingila ta riƙa kewayawa da kebul, saboda nakiyoyin Jamus da maganaɗisun jikin jirgi ke tayarwa.

Maigida ya ce in sa a wuta, zai fita. In sa?

Maigida bai yi ƙarya ba, amma kada ka sa. Baƙin ƙarfe yana sakin maganaɗisu gaba ɗaya a digiri 770 na ma'aunin salshiyas, lokacin ya yi jajir. Ana kiran wannan mataki da sunan Pierre Curie, wanda ya yi bincike a kai a 1895. Matsalar ita ce taurin kayan aiki yana fara lalacewa tun kafin a je ko'ina: a wajen digiri 220 ƙarfe ya fara launin kara, a wajen 300 ya yi shuɗi, daga nan sai laushi. Kafin ka kai 770 sukudirebarka ta koma ƙusa, noti na farko mai gardama zai murɗe mata baki. An kashe maciji, an kuma karya sandar.

Inda wannan ilimi ke da amfani shi ne maƙera. Mai ƙera wuƙa ko kurfi yana iya taɓa jan ƙarfen da mayen ƙarfe. Idan ya daina mannewa, to an kusa zafin da ake tsoma shi a mai ko ruwa.

Duka da guduma fa?

Yana ragewa kaɗan, musamman in an shimfiɗa kayan gabas da yamma. Amma magagari da bakin huda tsagewa suke yi, ma'auni kuwa ko faɗuwa ba a so ya yi.

Sukudireba mai maganaɗisu za ta lalata waya ko kwamfuta?

Ba za ta lalata ba. Memori, layin waya, filash da SSD ba da maganaɗisu suke ajiye bayanai ba. Ita kanta wayar akwai mayen ƙarfe a sifikarta da abin da ke sa ta girgiza. Hadis mai faifai da maganaɗisu yake rubutu, amma a cikinsa akwai wanda ya ninka na sukudirebarka sau da yawa, yana zaune lafiya. Haɗarin gaske shi ne notin da ya faɗa kan allon waya batir na jone, wanda mayen ƙarfe ke hanawa.

Abubuwan da za a nisanta su ne kaset, kan rediyo mai karanta kaset, baƙin layin da ke bayan katin ATM, mita mai allura, da kamfas. Na cikin waya ma yana rikicewa na ɗan lokaci. In kana duba alƙibla da waya a shago, ka fita daga cikin ƙarafa tukuna.

Agogona na hannu ya fara gudu bayan na ajiye shi a benci. Da alaƙa?

In wanda ake wanawa da hannu ne ko mai cika kansa da motsin hannu, to da alama. A cikinsa akwai wani siririn sifirin kamar gashi, shi ke ƙayyade bugunsa. In ya kama maganaɗisu sai zagayensa su manne da juna, ya gajarce, agogo ya riƙa ƙara mintuna a rana. Ba lalacewa ya yi ba, na'urar cirewa tana gyara shi cikin ɗan lokaci. Wannan ne dalilin da ya sa masu gyaran agogo ke aiki da hantsakin tagulla.

Mai walda ne ni. Wani lokaci wutar tana karkacewa gefe ta ƙi zama a layi.

Sau da yawa maganaɗisu ne, ko na jikin ƙarfen, ko wanda wutar waldar ke haifarwa. An fi ganinsa da injin DC, wato mai wutar da ke bin hanya ɗaya ba kai-komo, a kusurwa da ƙarshen ƙarfe, da kuma kusa da mayen ƙarfen nan mai riƙe kwana. Ka ɗiga walda ta riƙe, ka cire mayen kafin ka ja layi. Ka matsar da kilif ɗin at, wato wanda ake maƙala wa jikin ƙarfen, ka rage tsawon wutar, in injinka na da AC, wato wuta mai kai-komo, ka koma can.

Har yaushe maganaɗisun ke zama a sukudireba?

A mai kyau watanni, wani lokaci fiye. Faɗuwa, duka da zafi ke cinye shi. In ya yi sanyi a sake gugawa, ba ya rage wa ƙarfen komai.

Akwai haɗari ga mutum?

Na sukudireba ba shi da wani haɗari. Na niyodimiyam ne abin kula. Manya suna matse yatsa har jini ya taru, in biyu suka haɗu da ƙarfi kuma sukan fashe, ɓarɓashi ya yi ido. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya bar aƙalla santimita 15 tsakaninsa da su, na'urar cirewa kuwa ya bar wa wani. Mafi muni yara: in yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Wannan asibiti ake kai shi nan take, ko da yana wasansa. Shago mai yara masu kai-komo, a kulle su a gwangwani mai murfi.

Su ma suna da abin da ba sa so. Na niyodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfi daga digiri 80, dashbod ɗin motar da aka rufe a ranar bazara kuwa yana iya kusantar haka.

Yaya zan tabbatar ya fita?

Noti ya yi nauyi, ba ya nuna saura kaɗan. Ka gwada da garin ƙarfe mai laushi ko ƙaramar allura da ba ta taɓa mayen ƙarfe ba. Kamfas ya fi su duka, amma a san yadda ake karanta shi, domin allurarsa tana bin kowane baƙin ƙarfe ko da ba shi da komai. Ka kawo bakin kayan kusa da kan allurar, sannan ka kai shi kusa da gindinta. In ya ja duka biyun, ya wanku. In ya ja ɗaya ya kori ɗaya, akwai saura, a mayar da shi kan na'ura.